Zauren Tambaya: "An ce in sayar da lambobin kwastomomina"

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ina da ɗan shagon kwamfuta nan Mabera, muna rijistar JAMB da cike fom na ɗaukar aiki da firintin, shekara da shekaru duk wanda ya zo sai mu ajiye bayanansa cikin kwamfuta don in ya dawo kar a sha wahala, suna da lambar waya da NIN da ranar haihuwa har da fasfo. To wani yaron ɗan siyasa ya zo ya ce mani in kwafe mashi duka a filash zai ba ni kuɗɗi masu kauri, wai saƙon kamfen kawai za su riƙa turawa. Haya ta taso, ga kuɗin mai na janareta. Abokina ya ce ai ba sata ba ce tunda kwamfutar tawa ce. Mi kake gani?
Daga wani matashi, Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwamfutar taka ce, babu musu, amma abin da ke ciki na mutane ne. Yarinyar da ta zo daga Wamakko ko Kware ta miƙa maka NIN ɗinta, JAMB ce ta kawo ta, don tun 2021 ba a rijista sai da shi, ba ta ba ka don ka yi kasuwanci da shi ba. Ajiya ce aka ba ka, kuma ka san hukuncin mai cin ajiya ba sai na ja maka aya ba, a garin Shehu kake.

Shi wannan "saƙon kamfen kawai" ɗin ma ni ban yarda da shi ba. Mai son tura saƙo lambar waya ta ishe shi, to me zai yi da NIN da ranar haihuwa da hoto? Ko ma a ce shi zuciyarsa ɗaya, filash fa ba ya da baki balle ya ce kar a kwafe ni, yau yana hannunsa gobe yana hannun abokinsa jibi ya shiga wani gurup na WhatsApp. Haka 'yan damfara ke samun kayan aiki, a kira dattijo a ce daga banki ne, a faɗa masa cikakken sunansa da ranar da aka haife shi, shi ko sai ya saki jiki tunda wanda ya san wannan ai ba baƙo ba ne, daga nan a ce ya karanto lambar da ta shigo wayarsa, shikenan an kwashe asusu. Wasu kuma bashi suke ci a manhajojin lamuni da sunan mutum, bai sani ba bai gani ba sai dai ya ji ana kiran 'yan uwansa ana ce masa ɓarawo. Ranar da aka bi sawu kuwa shagonka za a zo, yaron ɗan siyasa ya kashe waya.

Sannan akwai doka, mutane da yawa ba su san ta ba. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, da ita aka kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Abin da ta ce a taƙaice, in ka karɓi bayanin mutum don wani aiki to iyakarsa wannan aikin, ba ka miƙa wa wani sai da yardarsa, kuma ba ka riƙe shi har abada ba dalili. Tarar ƙananan masu sana'a tana iya kaiwa naira miliyan 2, ta manya miliyan 10, ko kuma ga kowannensu kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da suka samu a shekara, duk wanda ya fi yawa. Lissafa ka gani ko abin da za a ba ka ya kai. Manyan duniya ma ba su sha ba, a 2018 aka bankaɗo yadda kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan masu Facebook har kusan miliyan 87 don harkar zaɓe, kamfanin ya rufe a shekarar, Facebook kuma Amurka ta ci shi tarar dala biliyan 5 a 2019.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ma ba tayin ba ne, tarin nan ne da ka yi. Na san yadda shagunanmu suke, ka zauna gaban kwamfuta ka ga fasfo ɗin mutane da takardun makaranta zube a fuskar allo, yaron shago na da fasiwod, abokinsa da ya zo cajin waya shi ma yana da shi. Ka zauna ka goge na waɗanda aikinsu ya ƙare, ka bi har kwandon shara na kwamfutar ka share, da wanda aka turo maka ta WhatsApp. Wanda dole sai an ajiye ka faɗa wa mai shi, ka kulle da fasiwod da kai kaɗai ka sani. Shi kuma mutumin naka ka ba shi haƙuri cikin mutunci, in aiki yake so ka ce za ka tsara musu fasta da fom wanda magoya baya za su cike da hannunsu su ba da lambarsu, ka ci kuɗinka halal.

TAMBAYA: Malam ni zanen katin biki nake yi a waya. Na yi wa wata amarya kati ya yi kyau sosai, sai na ɗora a Instagram don in samu kwastoma, wallahi ba da wata manufa ba. Yanzu dangin ango sun taso wai na watsa hoton matarsu. Ba aikina ba ne?
Daga wata ɗaliba, Runjin Sambo

AMSA: Ƙanwata zanen naki ne, fuskar ba taki ba ce, kuma a katin akwai lambobin waya da kwatancen gida ko? Ki sauke shi yau ɗin nan, ki kira amaryar da kanki ki ba ta haƙuri, kar ki tsaya musu da dangin miji don ita za a bari da rigimar a gidan da ko sabawa ba ta yi ba. Nan gaba tun wurin ciniki ki tambaya, zan iya nuna wannan a shafina? In an ce eh ki sa a rubuto miki a saƙo ki ajiye. In an ce a'a sai ki cire hoton, ki canza sunaye da lambobi ki sa na ƙirƙira, mai neman aikinki kalar da tsarin rubutun yake kallo.