Amsa kan jar giyar inabi ta Côtes du Rhône

Malam, kace ka fara aiki a gidan abinci kuma baƙi na tambayarka wace irin giya ce Côtes du Rhône, da wane abinci take tafiya. To daga kudancin Faransa take, gefen kogin Ron wajen garin Abinyon, kuma ba inabi ɗaya bane, haɗi ne, yawanci Grenache da Syrah da Mourvèdre. Grenache shi ke kawo ɗanɗanon 'ya'yan itace da ƙarfin barasa saboda zafin ranar yankin, Syrah ya ƙara mata duhu da ƙamshi kamar masoro, shi kuma Mourvèdre shine mai sa baki ya ɗan ɗaure. Ba ta da zaƙi sam, kar kace musu akwai.

Abinci kuwa nama take so, gasasshen rago musamman, ko naman sa da aka daɗe ana dafawa da tafarnuwa da ganye, su can haka suke ci, da cuku mai tauri. Amma don Allah in abincin yaji ya masa yawa ka faɗa wa baƙon gaskiya, barkono da barasa in sun haɗu zafin ƙaruwa yake, kifi ma bai dace ba. Kuma kar ka kawo ta da ɗumi, ta ɗan yi sanyi, wajen digiri 16.