In na sake sa Windows, Ubuntu ɗina zai tafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne, ina da laftof HP ta hannu, wani abokina ya haɗa min Windows 10 da Ubuntu 22.04 a cikinta, in na kunna sai na zaɓi wanda zan shiga. Had dis ɗin 500GB ne kuma an yayyanka shi, akwai C akwai D inda nake tara hotuna da laccoci da karatu, sai ɓangaren Ubuntu inda furojet ɗina yake. To yanzu Windows ɗin ya yi nauyi wlh, kullum sai ya kawo shuɗin allon nan ya mutu, na kai wa mai gyara ya ce sai dai a yi fomat ɗin komai a fara daga farko, ni kuma abokin nawa ya tafi hidimar ƙasa. Dan Allah dole ne sai an share komai? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba dole ba ne ko kaɗan. Mai gyaran naka sauri yake so, share komai minti biyu ne, rarrabe fatishan, wato yankunan da aka yayyanka had dis, kuma sai an zauna an duba, ga layin kwastoma na jira. Windows na zaune ne a C, shi kaɗai za ka taɓa, D da Ubuntu ba ruwansu.

Amma fa kafin komai ka kwashe abin da ba za ka iya jure rasawa ba zuwa wani had dis na waje ko filash, musamman furojet ɗin nan. Kuma ka tuna duk abin da ke Desktop da Documents da Downloads a cikin C yake, zai tafi. Mutane da yawa sai sun gama murnar sabon Windows sannan su tuna da wannan.

Inda ake yin ɓarnar shi ne allon zaɓen fatishan. Allon sa Windows ba zai rubuta maka "wannan na Ubuntu ne" ba, don Windows bai iya karanta ext4, tsarin ajiyar fayil na Ubuntu, ba, kawai za ka ga Drive 0 Partition 1, 2, 3 har zuwa 6 ko 7, ko harafin C ɗin ma ba lallai ka gan shi ba, girma ne kaɗai zai cece ka. Saboda haka tun Windows na kunnuwa ka buɗe Disk Management, ka canja wa C suna zuwa wani abu da ba za ka manta ba, ko da GOGE ne, ka ɗauki hoton allon da wayarka. Sannan ka shiga Ubuntu ka buɗe taminal ka rubuta lsblk -f, shi ma ka ɗauka. Za ka ga ntfs, na Windows ke nan, ext4 na Ubuntu, kuma a yawancin kwamfutoci da wani ɗan ƙarami vfat. In ka haɗa lissafi ka ga kusan 465GB maimakon 500 kar ka ce an cuce ka, bambancin ƙirga ne tsakanin kamfani da Windows.

Wannan ɗan ƙaramin vfat ɗin, yawanci 100MB ne ko sama kaɗan, shi ne fatishan ɗin EFI, kuma a cikinsa Windows da Ubuntu duka suke ajiye abin da ke tayar da su. Ni kaina na taɓa goge shi lokacin ina koyo, na ga ɗan mitsitsi na ɗauka shara ce, ai kuwa daga Windows har Linux babu wanda ya tashi, na kwana ina gumi. Akwai wani ma na 16MB mai suna MSR da kuma na Recovery, duk ka bar su yadda ka same su, ba su tare maka komai ba.

Sai filash, 8GB ya isa, ka zuba Windows a ciki da manhajar Rufus. A nan akwai tarko. Ka fara rubuta msinfo32 a Windows ka duba BIOS Mode, in ya ce UEFI to a Rufus ka zaɓi GPT, in ya ce Legacy ka zaɓi MBR. In ka saɓa, za ka kai tsakiyar aiki ya ce maka ba zai iya sa Windows a wannan dis ɗin ba, kai kuma ka ruga intanet, amsar farko da za ka gani ita ce ka buɗe diskpart ka rubuta clean. Dan girman Allah kar ka yi. Wannan kalma ɗaya tana share tsarin fatishan ɗin dis gaba ɗaya, C da D da Ubuntu, kuma ba ta tambayarka ko ka tabbata. Masu ba da shawarar nan da mai Windows kaɗai suke magana wanda ba shi da abin asara. In ka ga saƙon, ka kashe ka koma ka sake haɗa filash ɗin daidai.

Ka haɗa filash na biyu mai Ubuntu ka ajiye a gefe tun yanzu, ka cika batir, kar a ɗauke wuta kana tsaka da aiki. In ka taɓa kunna BitLocker, kwaɗon da Windows ke kulle dis da shi, a D ka nemo makullinsa mai lamba 48 ka rubuta a takarda, in ba haka ba sabon Windows zai ga D amma ba zai buɗe maka ba.

Ranar aikin ka danna F9 a HP ɗinka ka zaɓi filash, ka zaɓi Custom, ka nemo GOGE, ka kwatanta girmansa da hoton wayarka, ka sake kwatantawa, sannan Format. Format fa, ba Delete ba, kuma shi kaɗai. Sai Next ka je ka sha shayi.

To in ya gama za ka ga kwamfutar ta wuce Windows kai tsaye, allon zaɓen nan, GRUB sunansa, ya ɓace, a nan ne gaban mutane ke faɗuwa su ɗauka Ubuntu ya tafi har wasu su ƙarasa fomat ɗin da hannunsu. Yana nan daram, Windows ne ya sa kansa a gaban layi. In UEFI ce abin da sauƙi, F9 za ka ga ubuntu a jerin, ka shiga, in kana so ya dawo dindindin ka shiga BIOS da F10 ka ɗaga shi sama da Windows Boot Manager, a cikin Ubuntu kuma ka rubuta sudo update-grub. In Legacy ce, Windows ya rubuta nasa a kan GRUB a farkon dis, sai ka tayar da filash ɗin Ubuntu, ka zaɓi Try Ubuntu, ka sauke Boot Repair ka danna Recommended repair, yana buƙatar data amma ba mai yawa ba.

Kar ka manta ka kashe Fast Startup a sabon Windows, in yana kunne Windows ba ya mutuwa sosai, sai ya riƙe D, Ubuntu ya ƙi barinka ka rubuta komai a ciki. Af, kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, in na'urarka tana da na'urar tsaron nan TPM 2.0 da firoseso Intel ƙarni na 8 zuwa sama gara ka sa 11 ka huta. In ba ta kai ba, ni dai da ni ne sai in mayar da Ubuntu wurin aikin kullum, Windows ya zama na lalura.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Duk sanda na fita daga Linux Mint na koma Windows sai in ga agogo ya koma baya da awa ɗaya cif, batirin agogon ne ya mutu? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, batirinki ƙalau yake. Linux na ajiye lokacin UTC a agogon cikin na'ura, Windows kuma ya karanta shi a matsayin lokacin gari, Nijar da Najeriya kuwa suna gaban UTC da awa ɗaya, shi ya sa kullum awa ɗayar ce ba ta ƙaruwa. Ki buɗe taminal a Mint ki rubuta timedatectl set-local-rtc 1, zai ɗan yi miki gargaɗi, ki ƙyale shi, sai ki shiga Windows ki saita agogon sau ɗaya.