Yaya ƙarfe ya narke a tekun farko bai yi tsatsa ba?

Ƙanena na Tawa, tsatsa sai da iskar oksijin, kuma a wancan zamanin na farkon duniya kusan babu ita. Nitrojin da kabon dayoksaid suka cika sararin sama. Shi ya sa ƙarfe ya zauna narke cikin teku. Ka lura da ruwan wasu rijiyoyi, garau yake fitowa, in ya kwana a bokiti iska ta taɓa ƙarfen da ke narke cikinsa sai ya yi ja. Hakan ne ya samu teku lokacin da wasu ƙananan halittu, sayanobakteriya, suka soma fitar da oksijin: ƙarfen ya kwanta ƙasa ya zama duwatsu masu ratsin ja. Wajen shekara miliyar 2.4 baya iskar ta fara taruwa a sama.

Kada ka rubuta cewa itatuwa suka kawo ta, su sai can daga baya suka zo. In ka shigo Yamai, nemi malaman ilimin duwatsu a Jami'ar Abdou Moumouni su ƙara warware maka.