Kwamfuta ta dawo daga gyara a goge: wa zai biya?

Tambaya: Ina da shago a Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja a Legas, ina sayar da kwamfutocin hannu. In an kawo gyara nakan karɓa in miƙa wa wani injiniya a saman bene, in ɗora ɗan abin da zan samu. Makon jiya ya goge kwamfutar wata mata gaba ɗaya, lissafin shagonta na shekara uku ya tafi, kuma ta ce an sauya mata ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, da ƙarami. Ta ce sai na biya, alhali ko sukuru ɗaya ban kwance ba.

Amsa: Alhaji, ka yi haƙuri, biyan na kanka ne. Matar nan ba ta san injiniyan ba. Kai ta gani, hannunka ta danƙa wa kayanta, kai ka yanke mata kuɗi. Malamanmu na Malikiyya ma sun ɗora wa mai sana'ar da ke karɓar kayan jama'a lamunin abin da ya lalace a hannunsa, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Ka sasanta da ita, ka mayar mata da ram irin nata, sannan ka hau bene ka bi haƙƙinka.

Kafin nan, ka roƙe ta kada ta ajiye komai sabo a kwamfutar. Abin da aka goge yakan dawo a hannun gwani muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba, ko da yake sababbin ma'ajiya na SSD sun fi wuyar sha'ani. Kuɗin wannan ma daga aljihunka.

Abin da ya fi damuna shi ne ban ji ka ambaci rasit ba. A kasuwar da kwamfuta ke wuce hannu uku kafin la'asar! Daga yau, duk wadda aka kawo, a buɗe ta gaban mai ita, a rubuta lambar da ke ƙarƙashinta, girman ram da na ma'ajiya, har tsagewar da ke gefen allo, ka ɗauki hoto da waya, ku sa hannu ku biyu. In gyaran allo ne ko wurin caji, ba ruwan kowa da kalmar sirri. In kuwa sai an goge, mai ita ya kwashe abinsa a filash tukuna, ya rubuta cewa ya yarda.

Batun leƙen hotunan mutane kuma, ka ja kunnen yaran shagonka. Tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, hukumar NDPC ke kula da ita, kuma tarar ƙananan masu sana'a tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Matar nan kuma tana da damar kai ƙara hukumar kare masu saye, FCCPC.

Injiniyan kuwa, in ya ƙi sa hannu a kan duk kwamfutar da ya karɓa daga wurinka, ka nemi wani. Layin Otigba da ke cikin kasuwarku cike yake da su.