Amsa ga mai son sauke Civic Si: sifirin da shakazoba tare ake zaɓensu

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce kana da Honda Civic Si samfurin 2008 mai ƙofa huɗu, wadda ta yi tafiyar da ta haura kilomita 150,000, kana so ka sauke ta domin ratar da ke tsakanin taya da fenda ta ragu. Ka tambaya wane sifirin ya kamata ka saya, ko za ka iya barin shakazobar da ke jikinta, da kuma ko kowane bakanike zai iya ɗaurawa. Na daɗe ina hawan irin wannan mota a sauke, na kuma tsaya a kan aikin wasu na abokai, don haka zan faɗa maka abin da na gani. A taƙaice, kada ka sauke ta fiye da milimita 25 zuwa 35, kuma idan kuɗin da ke hannunka na sifirin ne kawai, ka dakata har sai ka haɗa na shakazoba da na alaimen.

Kafin maganar kamfani, ka tabbatar da ainihin motar da kake saya wa kaya, domin a nan mutane da yawa suke asarar kuɗi tun kafin a kwance noti ɗaya. Civic ta tsakanin 2006 da 2011 ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Taka ta kasuwar Amurka ce, lambar jikinta FA5, mai ƙofa biyun kuma FG2, dukansu da injin K20Z3 da giya shida ta hannu. Wadda aka ƙera a Swindon ta Ingila domin kasuwar Turai, mai gajeren baya, tsarin ƙafafunta na baya daban ne gaba ɗaya, domin ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin biyu, alhali a taka kowace taya tana da hannuwanta, tana motsi ita kaɗai. Saboda haka idan ka ga an rubuta Civic 2008 a jikin kwali, wannan bai isa hujja ba. Ka nemi lambar kayan, ka duba ta a shafin kamfanin da kansa, ka ga an ambaci Si da adadin ƙofofi.

Game da yawan saukewa, ya kamata ka fahimci abin da kake bayarwa kafin ka samu kyan da kake nema. Tsakanin inda mota take tsaye da inda shakazoba take kai ƙarshenta akwai 'yar tazara, wadda ita ce take shanye rami da tudu. Duk milimitar da ka sauke, daga wannan tazarar ka cire ta. Shi ya sa kamfanonin kirki suke ƙara wa gajeren sifirin tauri, don kada motar ta riƙa dukan robar da ke ƙarshen sandar shakazoba a kowane ɗan gargada. Idan aka sauke da yawa, taurin ba ya iya rama tazarar da aka rasa, sai motar ta koma tana tafiya a kan wannan robar, ka ji tana tsalle kamar amalanke. Akwai kuma abin da ido ba ya gani. A gaban motar, lowa-am, wato hannun ƙasa da ke riƙe taya, yana zaune ne kusan a miƙe, ɓangarensa na wajen taya ya ɗan fi ƙasa. Idan ka sauke motar har ya juya, ɓangaren taya ya koma sama, to motar za ta fi son kwanciya a kwana duk da cewa ta matso ƙasa, kuma taya ba za ta zauna daram a kan kwalta ba a lokacin da ake buƙatarta. Tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, shi ma yana karkacewa, sai sitiyari ya riƙa fizga da kansa idan taya ɗaya ta hau tudu. Wanda ya sauke milimita 50 ko 60 a kan sifirin kaɗai yakan samu motar da ta fi kyau a hoto amma ta fi ta kamfani muni a hanya.

Sai kuma hanyoyinmu. Waɗannan kaya an tsara su ne da titunan Jamus da Japan da Amurka a zuciya, kai kuwa za ka bi tuddan rage gudu da 'yan unguwa suke zubawa da kankare ba tare da awo ba, ga gangaren shiga gidajen mai, ga ramukan da ruwan damina yake rufewa. Abin da yake fara taɓa ƙasa a wannan mota shi ne leɓen bamba na gaba da robobin ƙarƙashin inji, daga nan sai bututun salansa a tsakiyar mota idan an ɗauki mutum uku a baya. Ka tsaya ka auna mafi munin tudun da kake hawa kullum, da ƙofar gidanka, kafin ka yanke shawara. Idan a yanzu ma da ƙyar take wucewa, to amsar tambayarka ta fito.

A kan kamfanoni, waɗanda na yarda da su su ne Eibach da H&R, dukansu na Jamus, da Tein na Japan. Eibach yana da Pro-Kit, wanda yawanci yake sauke mota inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato milimita 25 zuwa 38, yana kuma da Sportline mai sauke ta fiye da haka sosai. Ni Pro-Kit zan ce ka ɗauka, Sportline kuwa ban ga amfaninsa ga motar da ake zuwa aiki da ita kullum a nan ba. H&R Sport ya fi tauri a jiki, masu son kwana suna yaba shi, amma iyali za su yi ƙorafi. A wajen Tein, High.Tech bai kai S.Tech sauke mota ba, kuma ya fi shi laushi. Za ka kuma ji ana maganar sifirin mai tauri ɗaya daga farko har ƙarshe, da mai ƙaruwar tauri, wanda za ka gane shi da zobbansa da suka matsu a gefe ɗaya suka buɗe a ɗayan. Na biyun yana da laushi a ƙananan gargada, ya yi tauri idan an danne shi, kuma shi ya fi dacewa da titi. Na farkon ya fi ba direba tabbacin abin da mota za ta yi, shi ya sa masu tsere suka fi son sa.

Abin da ba zan ba ka shawara ba ko kaɗan shi ne yanke sifirin na asali ko gasa shi da wutar walda har ya zauna. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, ba kuma yadda za a yi ɓangarorin biyu su zauna daidai, wanda aka yanke kuwa ba ya hawa mazauninsa yadda ya kamata, yana iya ficewa idan taya ta rataya. Haka kuma na Baljiyam wanda fentinsa ya goge har ba a iya karanta lambarsa, ko sabo mai launi mai ɗaukar ido wanda babu lamba a jikinsa, ka bar su inda ka gan su. Na gaske ana buga sunan kamfani da lambar kaya a jikin zoben, kuma ana nuna na gaba da na baya.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce mafi muhimmanci. Sifirin yana ɗaukar nauyi ne kawai, shakazoba ce take hana shi ci gaba da lilo bayan an danne shi. Sifirin mai tauri yana dawowa da ƙarfi fiye da na asali, don haka yana buƙatar shakazobar da za ta iya riƙe shi. Taka an yi ta ne domin sifirin na kamfani, kuma ta riga ta yi kilomita 150,000. Idan ka ɗora mata sabon aiki, a makonnin farko za ka ji kamar komai lafiya, daga baya sai ka lura bayan motar yana lilo sau biyu ko uku bayan kowane tudu, sannan mai ya fara tsattsafowa a jikinta. A lokacin nan za ka sake biyan kuɗin kwancewa da ɗaurawa da alaimen, ga kuɗin shakazobar da ka guje wa tun farko. Da a ce motar sabuwa ce, ana iya haƙuri da ta asali a ƙarƙashin Pro-Kit na wani lokaci, amma a wannan shekarun nata ban ga dalili ba. Koni Sport, mai launin rawaya, ana iya daidaita ƙarfin dawowarta, kuma ta saba da gajeren sifirin. Bilstein ya raba nasa gida biyu, B6 domin tsayin asali, B8 domin motar da aka sauke, don haka idan ka same su na motarka, ka san wanda kake nema. KYB Excel-G kuwa madadin ta asali ce, tana da kyau a wurinta, amma ba domin wannan aikin aka yi ta ba. Tunda an riga an buɗe wurin, a canza kan shakazoba na sama da boris ɗinsa, da robar kare ƙura, da robar ƙarshen sanda, domin kuɗinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da sake kwancewa. Ita robar ƙarshen sanda wasu kamfanoni suna cewa a rage tsawonta, wasu suna haɗo tasu a kwali. A bi takardar da ta zo da kayan, kada a cire ta gaba ɗaya.

Ɗaurawa ba ta fi ƙarfin bakaniken da ya san aikinsa ba, amma ka tsaya a wurin. A gaba, sifirin yana zagaye da shakazoba ne a matse, kuma dole a kama shi da na'urar matse sifirin kafin a kwance notin sama. Na ga masu taka shi da ƙafa su kwance notin, na ga masu ɗaure shi da waya, kuma ƙarfin da ke cikinsa ya isa ya karya hannu ko muƙamuƙi. Wanda ba shi da wannan na'ura, ka ɗauke motarka cikin mutunci. Kafin a zare manyan kusoshi biyu na ƙasa, a kwance maƙalin tiyon birki da wayar ABS, wato ta na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, sannan a tallafe cibiyar taya kada ta faɗo waje, domin idan ta faɗo tana iya zaro shaf ɗin da ke juya taya daga mahaɗinsa na ciki, aiki ya ƙaru. Notin saman sanda a ɗaure shi da hannu, ana riƙe sandar da makullinta, kada a sa masa bindigar iska, saboda juya sandar da gudu yana lalata abin da ke cikinta. A duba cewa ƙarshen zoben ya zauna a gurbinsa na ƙasa daidai. Baya ya fi sauƙi, tunda a wannan mota sifirin da shakazoba a rabe suke, sai dai a sauke hannun ƙasa a hankali da jak a ƙarƙashinsa.

Akwai abu ɗaya da kusan kowa yake tsallakewa. Duk kusar da ta ratsa bushin na roba, ba a ƙarasa ɗaure ta sai nauyin mota yana kan ƙafarta. Idan aka ɗaure tana rataye a sama, robar za ta zauna a murɗe da zarar an sauke ta, ta yage da wuri, kuma motar ba za ta sauka zuwa inda ya kamata ba. A motar da aka canza wa tsayi, har waɗanda ba a taɓa ba yana da kyau a sassauta su a sake ɗaurewa a sabon tsayin. Notin taya kuma awon ƙarfin ɗaurinsa Nm 108 ne, ba a hawa kan sifana da ƙafa.

Ka auna motar kafin aiki da bayansa, daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin fenda, a wuri mai shimfiɗa, a kowace kusurwa ta huɗun. Kada ka auna daga ƙasa, domin iskar taya tana shiga lissafin. Bambancin 'yan milimita tsakanin hagu da dama ba abin damuwa ba ne, amma idan ya kai santimita ɗaya da rabi, a koma a duba zaman sifirin.

Alaimen dole ne, kuma na tayoyi huɗu a kan kwamfuta, ba na igiya ba. Ka ba motar mako ɗaya ko biyu ta gama zama, kana tafiya a hankali, sannan ka kai ta. Saukewa tana sa saman tayoyi ya karkata ciki, wanda ake kira kamba, tana kuma canza inda bakin tayoyin yake fuskanta. Mutane suna ɗora laifin cinyewar taya a kan kamba saboda shi ake gani da ido, amma karkatar bakin taya ta fi cin roba da sauri nesa ba kusa ba. Kamba na digiri ɗaya zuwa ɗaya da rabi zuwa ciki ba matsala ba ne, yana ma taimakawa a kwana. Matsalar wannan mota ita ce kamfani bai sa abin daidaita kamban baya ba, kuma bayan ne yake karkata sosai idan an sauke ta. Maganinsa shi ne hannun sama na baya mai daidaituwa, irin na SPC ko Skunk2, a gaba kuma kusoshin kamba sun wadatar idan an ga buƙata. Ni ina ganin gara ka sayi hannuwan bayan tare da sifirin, domin taya 215/45R17 mai kyau guda biyu tana iya fin su tsada, kuma cikin tayar yake cinyewa, inda ba ka gani sai waya ta fito. Ka ce a buga maka takardar awon kafin gyara da bayansa, ka ajiye.

Bayan an gama, ka sa a duba saitin fitilun gaba, tunda gaba da baya ba lallai su sauka daidai ba, ka kuma koyi hawa tudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Idan ka yi kamar kilomita 500, a sake bin kusoshin da aka taɓa. Tsofaffin sifirin ɗinka kuma ka ɗaure su, ka rubuta na gaba da na baya, ka ajiye a gida, domin ranar da za ka sayar da motar yawancin masu saye a kasuwarmu za su fi son ta a tsayinta na asali, kuma samun na Si na gaske a lokacin ba zai zo da sauƙi ba.