Takin da ruwa ya kwashe, ina yake zuwa?

Tambaya daga wani manomin masara a yankin Zariya: Malam, na ji a rediyo ana cewa takin zamani yana kashe kifi a teku. Mu da ko tekun ba mu taɓa gani ba, me ya haɗa mu da wannan zance?

Malam, ruwan da ya fita daga gonarka ba ya tsayawa a bakin iyaka. Ya gangara kwari, ya faɗa Galma, Galma ta miƙa wa Kogin Kaduna, shi kuma ya zuba a Kwara, wato Kogin Neja, Kwara ta kai teku. Manomin Sakkwato da na Yola duk hanyarsu ɗaya ce a ƙarshe. Na Kano da Jigawa ne dai ruwansu ke bin Kogin Haɗejiya ya nufi wajen Tafkin Cadi.

Abin da taki ke yi a ruwa shi ne abin da yake yi a gona: ciyarwa. Sai dai a can gansakuka yake ciyarwa. Sinadaran da ke cikin taki, wato naitirojin da fosfaras, suna shiga, gansakuka ta yi ta hayayyafa har ruwa ya koma kore. Kwananta kaɗan ne, sai ta mutu ta nutse. Ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da ita su ne ke shanye iskar oksijin da ke ƙasan ruwa. A bakin teku abin ya fi muni, domin ruwan kogi ba shi da nauyin ruwan gishiri, sai ya kwanta a samansa kamar murfi, iskar sama ba ta isa ƙasa. Kifi mai ƙarfin iyo ya gudu, ƙaguwa da sauran masu rarrafe su mutu a inda suke.

Wurin da aka fi sani shi ne Mashigin Tekun Meziko, inda Kogin Misisifi na Amurka ke zuba bayan ya ratso gonakin masara da waken soya. Tun 1985 ake auna yankin da iska ke ƙarewa a ƙasan ruwansa kusan kowace shekara. A 2017 ya haura murabba'in kilomita 22,000, wato ya fi Jihar Kano faɗi. Tekun Baltik na Turai ma yana fama da irin wannan. Wani abin lura shi ne na Bahar Aswad, tekun da ke arewa da Turkiyya: ya lalace a shekarun 1970 da 1980, amma da tattalin arzikin ƙasashen gurguzu ya durƙushe bayan 1990 aka rage zuba taki, ruwan ya fara farfaɗowa. Ke nan ciwon yana jin magani.

Ya sake tambaya: To, mu rage takin ke nan? Ga tsada, ga ƙasa ta gaji.

A'a. Wanda ya ce maka ka rage taki don tsoron teku bai san gonarka ba. A taron taki da aka yi a Abuja a 2006, abin da aka koka da shi shi ne manomin Afirka kilo 8 kacal yake sa wa hekta ɗaya, aka sa burin a kai kilo 50. Yunwar taki ƙasarmu ke yi. Kuma a ganina, ƙazantar birane da ke kwarara kogi ba tare da an tace ba ta fi gonar mai buhu biyu laifi nesa ba kusa ba.

Amma ga inda zancen ya shafe ka. A duniya baki ɗaya, wajen rabin naitirojin da ake zubawa ne shuka ke amfana da shi, sau da yawa ma bai kai ba. Sauran ko ya tashi iska, ko ya tsiyaye ƙasa, ko ruwa ya tafi da shi. Buhun yuriya kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, kuma tana narkewa kamar gishiri. In ka watsa ta a kan kunya hadari ya haɗo aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuɗinka ne ya bi kwari. Abin da kifi ke ƙi shi ne abin da aljihunka ma ke ƙi.

Don haka ka binne taki, kada ka watsa. Ka tona ɗan rami, tsakaninsa da gindin masara kamar tsawon yatsa, ka zuba, ka rufe. Ka raba shi biyu: kamfa a mako biyu na farko bayan shuka, yuriya a mako na biyar zuwa na shida, lokacin da masara ke tsananin buƙata. Ka sa bayan ruwa ya ɗauke ƙasa na da danshi, kada ka sa kana kallon hadari. Sannan ka yi noma kafin ka sa, in ba haka ba ciyawa ka yi wa hidima. Manoman gero a Nijar suna da dabarar murfin kwalba: ɗan taki cikin murfi ɗaya a kowane rami lokacin shuka. Masu bincike na cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT sun yi aiki a kanta sosai, kuma ta nuna cewa wurin da aka sa taki ya kan fi yawansa muhimmanci.

Fosfaras halinsa daban. Shi manne wa ƙasa yake yi, sai ƙasar ta zaizaye yake tafiya. In gonarka tana da gangare, ka yi kunya a gicciye, kada ta bi gangaren. A bakin rafi ka bar 'yan taku ba noma, ka dasa jema ko gamba. Na san barin wannan ɗan wuri yana yi wa manomi ciwo, amma wanda ya nome har bakin ruwa, rafin ne zai ci masa gonar taku-taku.

Tambaya daga wani mai noman shinkafa na rani a Jigawa: Kacalla ta cinye mana magudanai. Takinmu ne ya jawo?

Ba shi ne tushe ba. Babban dalili shi ne sauyin tafiyar ruwa bayan gina madatsun Tiga da Calawa. Dā kogi yakan ƙafe da rani, yanzu akwai ruwa mara zurfi shekara duka, ga laka ta taru, kuma abin da kacalla ke so ke nan. Taki dai ƙara mata ƙarfi yake yi. Abin da ke hannunka: kada ka zuba yuriya a fangali cike da ruwa sannan ka buɗe ya wuce. Ka rage ruwan, ka sa taki, ka toshe mafita na 'yan kwanaki. In kana samun dunƙulalliyar yuriya da ake cusawa cikin laka tsakanin tushe huɗu na shinkafa, ta fi, domin sau ɗaya ake sa ta kuma asararta kaɗan ce.

Tambaya daga wata mai kiwon kifi da kaji a gefen Kaduna: Ruwan kifina yana yin kore sharr, da asuba na ga tarwaɗa sun taso sama suna haki. Kuma ina sakin ruwan a kwata. Akwai matsala?

Hajiya, abin da ke faruwa a Mashigin Meziko ne kike gani a tsakar gidanki. Da rana gansakuka tana fitar da oksijin, da dare ita ma shaƙa take yi, shi ya sa gab da asuba iska ke ƙarewa. Tarwaɗa ma tana da sauƙi tunda tana iya shaƙar iskar sama. Da karfasa ce da kin kwashi gawa. Ki rage abinci zuwa abin da za su cinye cikin 'yan mintuna, ki riƙa sauya wani kaso na ruwan. Ɗan kore kaɗan ba laifi ba ne, amma in kika tsoma hannu tafinki ya ɓace tun ruwa bai kai gwiwar hannu ba, ya yi yawa.

Ruwan da kike saki a kwata taki ne. Ki ja shi zuwa lambu, alayyafo da ayaba za su gode miki. Kashin kajin kuma kada a jibge shi a inda ruwan sama zai wanke. A yankin Biritani na Faransa, inda ake kiwon aladu da kaji da yawa, koriyar ciyawar teku kan taru a gaɓa tana ruɓewa, har a 2009 iskar da take fitarwa ta kashe wani doki. Ki tara kashin a tudu, nesa da rijiya, ki rufe da leda ko ciyawa har ya ruɓe. Masu lambu za su zo saye da kansu kafin damina.