Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙwaron da ke gini a bayan labule

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah wani baƙin ƙwaro ne mai siririn ƙugu rawaya yake ta shigo min ɗaki yana gini da laka a bayan labule, jiya yarona ya fasa ginin sai ga gizo-gizo sun zubo kamar matattu. Rina ce? In fesa fiya-fiya?
Maman Abba, Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Abba, ki kwantar da hankalinki wannan zanzaro ne ba rina ba. Rina gidanta kamar takarda yake, a rataye, kuma taron dangi suke yi wa mutum in ya matso. Shi zanzaro da laka yake gini kuma mace ɗaya ce tal take aikin, babu sarauniya babu ma'aikata, shi yasa ba ta cika harbi ba sai in an damƙe ta, namijin ma ba shi da ƙari sam.

Yadda kika kwatanta shi, baƙi da dogon ƙugu rawaya ga gizo-gizo a ciki, irin wanda masana ke kira Sceliphron ne. Akwai wani mai gini kamar 'yar tulu, shi tsutsar ganye yake tarawa, to kinga abin da ke cikin ginin ma yana nuna wane iri ne.

Su gizo-gizon nan fa yawancinsu da ransu, macen zanzaron ce take harbinsu su sandare don kada su ruɓe, ta saka ƙwai ɗaya a jikin ɗaya daga cikinsu ta cika ginin da su ta liƙe da laka ta kama ginin na gaba, in ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsar ta cinye su ta rikiɗe sannan ta huda ginin ta fito da fukafukanta, uwar ba ta ma ganin ɗanta. Wallahi abin nan yana ba ni mamaki har gobe, ikon Allah.

Ni dai ban goyi bayan fiya-fiya ba, ga yara a ɗaki, cutarwarta ta fi ta zanzaron nesa ba kusa ba. In ginin ya dame ki kankare shi da cokali lokacin da ta fita ɗebo laka, ki sa raga a taga.